Shawarar wata: kafin ka sayi gida, kafin ka saida naka

Barkanmu da kaka.

Yanzu ne kuɗɗi ke shiga hannun talaka. An saida wake da gujiya da aya. Makiyayi ya fidda bijimi ɗaya ko biyu zuwa kasuwa. Waɗanda suka tafi biɗa sun fara aikowa gida. A irin wannan lokaci mutane da yawa ke tunanin sayen gida ko fili. Wani a cikin garinsu yake so. Wani a birni, don ɗiyanshi masu karatu su samu wurin zama, ko don ya zuba ƴan haya. Dillalai ma sun san da haka, shi ya sa suke yawan zagayawa yanzu.

In ka sayi akuya ba ta yi maka ba, sai ka maida ta kasuwa mai zuwa, asarar kaɗan ce. Gida kuwa gumin shekaru ne, kuma ba a ɗaukar shi a ka a sake mashi wuri. In rikici ya faɗa mashi, da kai da iyalinka duk kuna ciki. Don haka kada kuɗɗinka su bar hannunka sai ka samu amsar tambaya uku. Gidan na wa ne? Bisa wace irin ƙasa yake? Wace takarda ke gare shi?

Gidan na wa ne?

Wanda ke zaune cikin gida ba lalle shi ne mai shi ba. Wani aro aka ba shi. Wani haya yake yi. Wani jingina aka yi mashi. Wani kuwa gidan ubansu ne, shi da ƴan uwanshi bakwai.

Matambayi ba ya ɓata. Ka je wurin mai gari ko mai unguwa. Ka gaida limamin masallacin unguwar. Ka tambayi maƙwabtan gidan na gabas da yamma da kudu da arewa. Ka ce masu: wa ya gina gidan nan? A hannun wa ya samu filin? An taɓa yin shari'a bisa shi? Wannan tambaya ka yi ta kai kaɗai, ko kai da ɗan uwanka. Kada ka tafi da dillali. Ba zagin dillali muke ba, sana'arshi yake. Amma shi ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa, kuma mutane ba su sakin baki a gabanshi.

Gidan gado shi ya fi kowane kawo rigima. Babban wa ya tashi ya saida, ya ci kuɗɗi. Bayan shekara biyu ƙane ya komo daga Abijan ko Libiya ya ce shi bai sani ba. Ko ƙanwa ta zo daga gidan aurenta ta ce ina rabonta. Gaskiyarsu ce. Mace tana da rabo cikin gidan ubanta. Matar mamaci tana da rabo. Maraya ƙarami yana da rabo, ko da bai iya magana ba tukuna. In gidan gado ne, ka tambaya ko an raba gadon, kuma wa ya raba. In ba a raba ba, sai magada duka sun yarda, maza da mata, kowa ya sa hannu. In akwai marayu ƙanana, a bi ta wurin alƙali. Wanda ke nesa ya aiko da takardar wakilci mai hatimin hukuma. Magana ta salula tana da amfani, amma gobe ba a iya nuna ta ga alƙali.

In mai saidawa ya ce maka ka yi sauri, wai akwai wani mai kuɗɗi da zai zo da marece, to ka ƙara natsuwa. Sauri ya haifi nawa. Mai gaskiya ba ya tsoron a yi kwana bakwai ana bincike.

Bisa wace irin ƙasa yake?

Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Damana ita ke faɗin gaskiyar wuri. Tsofaffin Maraɗi sun san wannan. A shekarar 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon garin da ke cikin fadama, dole aka tada gari zuwa bisa tudu. A shekarar 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa a Yamai, ruwa ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy da Saga. A damanar 2024 gidaje masu yawa sun faɗi a Maraɗi da sauran jihohi. A Damagaram har tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe. Ruwa ba ya manta hanyarshi. Ko ya shekara ashirin bai bi ta ba, wata rana zai komo.

In da hali, ka ga wurin a cikin watan takwas, bayan an yi ruwa mai yawa. In ba ka iya jira, ka duba alamu. Ka dubi gindin bangon maƙwabta, ko akwai zanen da ruwa ya bari. Ka duba ko ƙasar laka ce mai tsagewa. Ka duba ko wurin tsohon tabki ne ko kududdufi da aka cike da shara. Ka tambayi yara inda suke wanka da damana, su ba su ɓoye komi. Fili mai araha cikin kwari ko bakin ƙorama, tsada ce ke jiran ka a gaba.

Akwai kuma ƙasar da ba ta sayuwa ko da wa ya ce zai saida maka. Burtali na jama'a ne. Makiyaya da mashayar dabbobi na jama'a ne. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta ƙara tabbatar da haka. Wanda ya yi gini bisa burtali ya toshe ma dabbobi hanya, ya jawo faɗa tsakanin manomi da makiyayi, kuma ranar da hukuma ta zo ba shi da bakin magana. Haka filin da aka ware ma lakwal ko likita ko kasuwa ko maƙabarta, da hanyar mota, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. A Yamai akwai dajin da aka soma dasawa kewaye da birni tun 1965. Mutane da dama sun sayi filaye cikinshi, suka shiga wahala.

In ginannen gida ne, ka shiga kowane ɗaki da rana tsaka. Ka ƙwanƙwasa azara ka ji ko gara ta cinye cikinta. Ka dubi rufi ko akwai tabon yoyo. Ka dubi indararo, ina yake zuba ruwa, cikin gidan ko gidan maƙwabci. Ka kula da sabon yaɓe, wani lokaci tsaga yake rufewa. Ka dubi salga, ko ta cika, ko tana kusa da rijiya. In akwai ruwan famfo da wuta, a nuna maka takardun biya na ƙarshe, don kada ka gaji bashin wani. In akwai ƴan haya, ka ji daga bakinsu wata nawa suka biya gaba. Kyau ka tafi da magini wanda ka yarda da shi. Ɗan abin da za ka ba shi bai kai kuɗɗin tada bango ɗaya ba.

Sannan a auna. Fili mai mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, murabba'in mita 400 ke nan. Mai 15 da 20, 300 ne. Mai 20 da 30, 600 ne. Ka zo da igiya mai awo, a ja ta gaban maƙwabta. A birni masu awo suna kafa turakun siminti a kusurwa huɗu. Ka gan su da idonka. Ba a cinikin biri a sama.

Wace takarda ke gare shi?

Takardun ƙasa iri uku ne ya kamata kowa ya sani.

Ta farko ita ce ta karkara. Tun shekarar 1993 ƙasarmu ke da dokar karkara. Ita ta kawo kwamitocin ƙasa da ake ce ma Kofo. Akwai na gari, wanda mai gari ke shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da samari a ciki. Akwai na ƙaramar hukuma, akwai na gunduma. Su ke ba da takardar shaidar cewa ƙasa ta gado ce, da takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. In ka sayi wuri a ƙauye, kada ka tsaya ga goro da fatiha kaɗai. Goro da fatiha suna da kyau, amma shaidu suna tsufa, suna mutuwa. A rubuta takardar saye gaban Kofo. In garinku babu shi, ku je ofishin ƙaramar hukuma.

Ta biyu ita ce ta birni. In hukuma ta yanka filaye, abin da ake ce ma lotisma, ofishin magajin gari yana ba mai fili takarda da ake kira akt da sesiyo. Cikinta akwai sunan mai fili, da sunan lotisma, da lambar rukunin filaye wato ilo, da harafin filin, da girmanshi. A nan ne ake yawan cutar mutane. Fili ɗaya a saida ma mutum biyu ko uku. Ko a nuna maka fili mai kyau bakin hanya, alhali lambar da ke cikin takarda ta wani fili ce can cikin rami. Ko takardar kanta ta jabu ce. Maganin abin ɗaya ne. Kai da mai saidawa ku tafi ofishin magajin gari tare, wurin masu kula da filaye. A buɗe babban littafi a ga sunan wa ke ciki. A nuna maka wurin bisa taswira. Ka biya mai awo ya raka ka ya nuna maka turakun. Ka dubi sunan da ke cikin takarda, ka dubi na katin ɗan ƙasa na mai saidawa. In sun saɓa, a nuna maka yadda filin ya fito daga hannun wancan zuwa hannun wannan. Kada ka karɓi fotokofi. Ka sa a karanta maka sharuɗɗan takardar duka, don ana sa wa'adin yin gini a ciki. Bayan ciniki kuma a sauya suna a ofis, takarda ta komo da sunanka. Mutane da yawa suna ƙyale wannan don gudun biyan kuɗɗin ofis. Muddin ba a sauya ba, a idon hukuma filin na wancan ne.

Ta uku ita ce babba, titir fonsiye. Ita ta fi kowace ƙarfi, har banki yana karɓar ta jingina. A shekarar 2006 gwamnati ta fito da hanya mai sauƙi ta samun ta, aka sa mata suna Sheda. In gida yana da irin wannan takarda, cinikin ya bi ta hannun notar. A bincika kuma a ofishin kadastir ko an jinginar da gidan ga banki.

Ku kula da gonakin bakin birni. Mai gona yana yanka gonarshi da kanshi yana saidawa guntu-guntu da araha. Wannan ba lotisma ba ne. Ranar da hukuma ta zo yin awo, hanya tana iya bi ta tsakar ɗakinka. Wanda zai sayi irin wannan wuri ya fara tambaya a ofishin magajin gari abin da aka shirya ma wurin.

Dala a baki, tamma a takarda

Mu da dala muke ƙirga. Takarda kuwa da tamma take ƙirga. Dala ɗaya tamma 5 ce. Jikka ɗaya dala 200 ce, wato tamma 1.000. Miliyan ɗaya jikka dubu ce.

A ce kun yi ciniki bisa jikka 750. Abin da za a rubuta shi ne 750.000 F. Da dala kuwa, dala 150.000 ke nan. In mai rubutu ya sa 150.000 F, to jikka 150 kaɗai ya rubuta, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka biya. In sifiri ɗaya ya faɗi, ya zama 75.000 F, jikka 75 ke nan. Gobe in ciniki ya warware, alƙali abin da ke cikin takarda zai duba. Don haka a rubuta kuɗɗin sau biyu, da lamba da kuma da haruffa. Ka ƙirga sifirin da yatsanka. In wani ya ce a rage kuɗɗin cikin takarda don a rage biyan haraji, kada ka yarda. Kai mai saye kai ne za ka yi kuka.

Kada a biya cikin duhu ko a bayan gari. A biya da rana, gaban shaidu. Kuɗɗi masu yawa gara a ƙirga su a banki ko a asusun ajiya, don akwai jabu. In ta kamfanin aika kuɗɗi ka tura, ka aje resi. In biya biyu ko uku ne, kowane biya da takardarshi, da ranar da za a cika saura. La'adar dillali a yanke ta tun kafin ciniki, a san nawa ce, a san wa zai biya.

Abin da takardar ciniki za ta ƙunsa

1. Sunan mai saidawa da na ubanshi, da lambar katinshi.
2. Sunan mai saye da na ubanshi, da lambar katinshi.
3. Inda gidan yake, da girmanshi, da sunayen maƙwabta na kusurwa huɗu.
4. Abin da ke ciki: ɗaki nawa, rijiya, itatuwa, ƙofofi, rumbu.
5. Kuɗɗin, da abin da aka biya, da abin da ya rage.
6. Ranar da za a ba da mabuɗi.
7. Shaidu na kowane ɓangare, aƙalla biyu biyu.
8. Kwanan wata, da sa hannu ko dangwale, da hatimin hukuma.

Kada ka dangwala yatsa bisa farar takarda a ce za a cike daga baya. Kada ka dangwala bisa abin da ba ka ji ba. In da Faransanci aka rubuta, ka zo da naka mai karatu, ba na mai saidawa ba, ya fassara maka layi layi. Lambobi da sunaye kuwa, wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci yana iya duba su da kanshi, don lamba ɗaya ce a Hausa da Faransanci.

In ka karɓi takardunka, ka yi masu fotokofi, ka ɗauki hotonsu da salula. Ka sa na ainihi cikin leda, ka sa cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɓera da yoyo. Ka nuna ma uwargida da babban ɗanka inda suke. Fili kuwa kada ka bar shi haka nan. Ka kewaye shi ko da da darni ne, ka dasa itace, ka riƙa leƙawa.

Ga mai saidawa

Kai kuma mai niyyar saidawa, ka tsaya ka yi tunani. Kuɗɗin gida suna da yawa a ido ranar farko. Biki ɗaya da bashi biyu sun cinye su. Ka tambayi kanka: in na saida, ina iyalina za su kwana? Ko akwai wata dabara? Kana iya ba da ɗaki biyu haya. Kana iya yanke gefe ɗaya ka saida, ka bar saura. In jingina za ka yi, a rubuta cewa jingina ce, da kuɗɗin, da yadda za a fansa. Gidaje da gonaki da yawa sun salwanta saboda jingina ta baki, bayan shekaru ɗiyan wancan suka ce saye ne.

Mafi munin lokacin saidawa shi ne lokacin da rumbu ya ƙare, daga bazara zuwa tsakar damana. Mai saye ya san kana cikin matsi, sai ya taya yadda ya ga dama. In dole ne ka saida, ka soma neman mai saye tun da kaka. Ka tambayi nawa aka saida gidaje irin naka a unguwar. Kada ka tsaya ga tayin mutum ɗaya.

Ka shawarci iyalinka. In gidan na tarayya ne, ka fara yi ma abokan tarayyarka tayi, su suka fi cancanta. Maƙwabci ma a sanar da shi, wannan ladabi ne. In matarka ta gina ɗaki da kuɗɗinta ko ta saida tumakinta aka yi rufi, a fidda mata haƙƙinta.

Ka faɗi aibin gidanka. In ruwa yana kwanciya a tsakar gida, ka faɗa. In akwai gardamar iyaka da maƙwabci, ku kashe ta gaban mai unguwa kafin ciniki. Wanda ya ɓoye aibi, rigima za ta biyo shi har sabon gidanshi. Kada ka ba dillali takardarka ta ainihi ya yi yawo da ita, fotokofi ta ishe shi. Kada ka ba da takarda da mabuɗi sai kuɗɗi sun cika. In ka karɓi kafin alƙalami a hannun mutum, ka daina sauraren wani tayi. Saida wuri ɗaya ma mutum biyu zamba ce, kuma tana kai mutum kaso.

In duk da haka rikici ya tashi, kada a ɗauki sanda. A fara da mai gari ko sarki, doka ta ba su ikon sulhu. In an sasanta, a rubuta. In ba a sasanta ba, sai gaban alƙali. Can ma mai takarda da shaidu shi ke da ƙarfi.

Aikin aji

Ga lissafi ga ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci. Wani makiyayi ya sayi fili bisa jikka 600. Ya biya 350.000 F. Jikka nawa suka rage? Dala nawa ke nan? Filin yana da mita 15 da mita 20, murabba'in mita nawa ne? Bayan haka kowa ya gwada rubuta takardar ciniki cikin littafinshi, da abubuwa takwas ɗin nan da muka jera. Malamai su duba.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta ma maƙwabcinshi a dandali. Mai tambaya ya rubuto ta hannun malamin cibiyarsu, za mu amsa. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa haya: haƙƙin mai gida da haƙƙin ɗan haya.

Allah ya ba mu muhalli na lafiya, ya kiyashe mu da rigima. Amin.

Naku, malamin ajin yaƙi da jahilci